Wai me ya sa ake cewa Paranoid na Black Sabbath shi ne uban kiɗan metal?

Sadik_Gwale:

Salam 'yan uwa. Dan Allah tambaya ce dani kuma kar wanda ya min dariya, ni a harkar kiɗan turawa ban wuce Bob Marley da Michael Jackson ɗin da babanmu yake sakawa a mota ba. Yadda akai ma na faɗo cikin maganar nan ta hanyar ƙwallo ne. Ni ɗan Aston Villa ne (eh na sani bamu da yawa a Kano, ku barni da abina), to a watan Yulin 2025 sai naga ko ina an cika da hoton wani tsoho mai baƙaƙen kaya da zagayayyen tabarau wai zasu yi wasan bankwana a filinmu Villa Park, ba a fi sati biyu da 'yan kwanaki ba kuma sai ga labarin ya mutu. Ozzy Osbourne, mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath. Na ga yadda mutanen garin Birmingham suka fito kan titi kamar wani sarki ne ya tafi, shine nace bari dai in ji me mutumin nan ya rera haka.

Duk inda na duba sunan albam ɗaya ake ta maimaitawa, Paranoid na 1970, har naga wai mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a jerin albam 100 na metal, wato kiɗan nan mai nauyi da ƙarar jitar lantarki. Na sauke na saka iyafis a shago ina gyaran waya ina ji. Gaskiya abin ya ɗaure min kai, ni na zata zanji ihu da hayaniya irin wanda ake nunawa a bidiyo masu gashi suna kaɗa kai kamar masu bori, sai naji kiɗa a hankali, mai nauyi dai kam amma tsoho, wani wajen ma kamar za kai bacci. Ana cikin haka iyafis ɗin ya zare sautin ya fito ta sifika, Yaya Nura yana gefe ya juyo yace kai Sadik kiɗan matsafa ka koma ji kuma? Wlh rasa amsar da zan bashi nayi.

To tambayata uku ce. Su ne suka fara metal ɗin ko kuwa? In ba su bane me yasa wannan albam ɗin ake ɗagawa sama da sauran? Sannan maganar shaiɗan ɗin nan gaskiya ce ko sharri ne? Wanda ya sani ya taimaka.

Kawu_Brum:

Wa alaikumus salam Sadik. Ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi don haka gyara zama, rubutun zai yi tsawo.

Ni na haura shekara ashirin a Birmingham kuma tasi na fara ja da na zo, unguwar Aston ɗin nan da kake goyon bayan kulob ɗinta ba lungun da ban shiga ba. Jerin gidajen jan bulo ne ƙanana manne da juna, yanzu ma musulmi ne da yawa a cikinta ga masallatai nan, amma a da unguwar leburorin masana'antu ce zalla. Nan yaran nan huɗu suka tashi, Tony Iommi mai jita, Ozzy mai waƙa, Bill Ward mai ganga duk 'yan 1948, sai Geezer Butler mai jitar bes ɗan 1949, shi ne kuma mai rubuta yawancin baitocin, mutane da yawa basu san wannan ba suna zaton Ozzy ne. Garin ya sha bom ɗin Jamus a yaƙin duniya na biyu, suna yara a kangwayen da bom ya rusa suke wasa. Ozzy har mahauta yayi aiki, yayi aikin gwada hon ɗin mota a wani kamfani, ya taɓa yin sati shida a gidan yarin Winson Green kan sata. Ka riƙe wannan a ranka, don lokacin a Amurka mawaƙa suna ta waƙar furanni da soyayya da zaman lafiya, su kuma waɗannan sun leƙa taga basu ga fure ko ɗaya ba sai hayaƙi.

Labarin Iommi kuwa sai ka ji. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe, a ranarsa ta ƙarshe a wurin, don ya riga ya yanke zai bar aikin ya koma kiɗa, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na kusa da ƙaramin. Shi kuma bahago ne, wato da hannun daman yake danne tsirkiya. Kowa yace shikenan. Wani shugabansa a wurin aikin ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz ɗin da gobara ta lalata wa yatsu amma bai daina ba. Sai yaron nan ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya manna fata a kai don kar su zame, ya nemo tsirkiyoyi sirara har da na banjo don kar su ji masa ciwo. Da waɗannan yatsun roban aka kaɗa duk abin da kaji a shagonka.

A da sunansu Earth suna kiɗan bulus (blues, tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka) kamar kowa, sun je Hamburg a Jamus suna kwana suna kiɗa a kulob, waƙoƙin basu da yawa dole a ja kowacce tayi tsawo, a irin wannan jan ne abubuwa da yawa na Paranoid suka fito. A 1969 suka koma Black Sabbath, sunan wani fim ɗin ban tsoro ne na 1963, dabarar kuma ita ce tunda mutane suna biyan kuɗi a tsorata su a silima, me zai hana ayi kiɗan da zai tsorata su. Albam na farko ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, wata ɗaya kenan da gama yaƙin basasarmu in kana son ka gane nisan zamanin. A watan Yuni suka koma situdiyo a Landan da furodusa Rodger Bain, cikin 'yan kwanaki suka gama, ranar 18 ga Satumba Paranoid ya fito a Ingila. Albam biyu a shekara ɗaya, suna 'yan 21 da 22. Kuma abin mamaki ranar da ya fito ita ce ranar da shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya mutu a Landan.

Yanzu ka koma ka sake saka waƙar farko, War Pigs, amma ka ajiye sukundireba tukuna. Jiniya zaka fara ji tana kuka a bayan jita, irin jiniyar da ake kunnawa in jiragen yaƙi sun taso, wadda iyayensu suka sani sarai. Can sai komai ya tsaya, jita da ganga su buga sau biyu dam-dam, sai tsit, ba abin da ya rage sai ɗan cis-cis na faifan tagullar mai ganga, sai muryar Ozzy ta shigo ita kaɗai a cikin shirun nan kamar mai shela. Wannan shirun shi ne nauyin. Ni duk lokacin da naji wajen sai tsigar jikina ta tashi ko da na ji shi sau ɗari. Kusan minti takwas waƙar take kuma kan me? Kan janar-janar da 'yan siyasar da suke kunna yaƙi su ɓuya su tura 'ya'yan talakawa su mutu, a ƙarshe kuma ranar hisabi ta zo su rasa mai cetonsu. Lokacin yaƙin Biyetnam yana kan ganiyarsa, a watan Mayun shekarar ma aka harbe ɗalibai huɗu masu zanga-zanga a jami'ar Kent State a Amurka. Electric Funeral kan yaƙin nukiliya ce. Hand of Doom kan sojojin Amurka ce da suka koma allurar hodar heroin. Iron Man kuma ba ruwanta da ɗan fim ɗin Marvel duk da sun ari kiɗan a fim ɗin 2008, labarin wani ne da yaje gaba ya gano halakar duniya, a hanyar dawowa ya zama ƙarfe, yazo yana son yayi gargaɗi aka maida shi abin dariya, haushi yasa shi da kansa ya jawo halakar da ya gani.

Ita waƙar Paranoid ɗin da albam ya ci sunanta cike gurbi ce fa. An gama aiki aka ce musu saura wajen minti uku a faifai, Iommi ya zauna ya fito da kiɗan, ba a yi rabin awa ba an haɗa ta. Ita ce ta kai ta 4 a jadawalin Ingila. Asali War Pigs za a sa wa albam ɗin, kamfani ya canza, su 'yan ƙungiyar suna cewa tsoron rigimar Biyetnam ne wasu kuma suce kawai kamfani yaga waƙar da take sayuwa ne, ni na fi yarda da na biyun don ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Shi yasa in ka duba bangon zaka ga wani mutum da hular kwano da takobi da garkuwa yana fitowa daga duhu, hoton War Pigs ne aka bari aka canza suna kawai, ba abin da ya haɗa shi da sabon sunan.

Albam ɗin ya kai na 1 a Ingila, a Amurka ya fito farkon 1971 ya kai na 12 alhali rediyo kusan bata saka su, 'yan jaridar kiɗa kuwa zagi kawai suke, suna ganin kiɗan jahilai ne. Yaran masana'antu ne suka saya. Waɗannan yaran ne kuma suka girma suka zama manyan ƙungiyoyin metal irin su Iron Maiden da Metallica da sauransu. A 2006 da aka shigar dasu Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama manyan mawaƙan rock, 'yan Metallica ne suka tsaya suka gabatar dasu.

Wasan Villa Park ɗin da ka gani ranar 5 ga Yuli ne, ni ban shiga ba tikiti ya gagara amma ina ta wajen Witton kusa da filin ranar, wlh baka ganin komai sai baƙaƙen riguna, tsofaffi masu furfura da jikokinsu. Su huɗun na asali suka hau, Ozzy a zaune kan kujera saboda ciwon Parkinson, waƙa huɗu kacal suka yi kuma uku daga ciki na wannan albam ɗin ne, War Pigs da Iron Man da Paranoid. Cike gurbin nan ita ce waƙar ƙarshe da ya rera a duniya, ranar 22 ga wata ya mutu yana da 76.

MaiJita_Damagaram:

Kawu sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma, ban da abin cewa a tarihi amma ka yi min afuwa zan ɗan ja da kai kaɗan don kar Sadik ya tafi da tunanin mutum huɗu ne suka kwanta suka tashi da metal a hannu.

Kafin Paranoid akwai ƙara a duniya. The Kinks tun 1964 sun yi jita mai gurnani, Hendrix da Cream sun yi, Blue Cheer a Amurka 1968 ƙararsu har ta fi hankali, Led Zeppelin sun saki albam biyu a 1969, Deep Purple sun saki In Rock a watan Yunin 1970 wata uku kafin Paranoid kuma in dai gudu da gwaninta ake nema mai jitarsu Ritchie Blackmore ya fi Iommi nesa ba kusa ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Ko a cikin Sabbath ɗin ma in farko ake nema to albam ɗinsu na Fabrairu ne farko, waƙar da ta buɗe shi mai sauti uku kacal da ƙarar ruwan sama da ƙararrawa, wannan ita ce haihuwar. In kuma nauyi ake nema albam ɗinsu Master of Reality na 1971 ya fi, ni shi ne nawa. A nan ne zan gyara wani abu da mutane suke yawan faɗa, wai saboda yatsunsa ya sassauta tsirkiya sautin ya yi ƙasa shi yasa Paranoid yake da nauyi. Sassautawar nan sosai a Master of Reality ta zo, inda ya sauke jitar ƙasa da mataki ɗaya da rabi. A Paranoid jitar kusan a ɗaurinta na kullum take, ɗauki jitarka ka bi Iron Man zaka gani. Nauyin daga wani waje yake zuwa.

To daga ina? Sadik ka san amshi a waƙar Hausa, jimlar da 'yan amshi suke dawowa kanta komai nisan da mawaƙi yayi. To rif kamar amshi ne amma jita ce take yinsa, 'yar gajeriyar jimlar kiɗa da ake ta maimaitawa. Su Zeppelin suna da rif masu kyau amma har yanzu bulus ne a ƙasa, mawaƙin ne sarki kuma maganar mata ce yawanci. Sabbath sai suka ɗora rif ɗin a kan karaga kowa ya koma bayansa. A Iron Man ka saurara, Ozzy ba wata waƙa daban yake ba, bin jitar yake sauti da sauti kamar ɗan makarantar allo yana bin malam. Geezer da bes shima abin da jita take yi yake ninkawa a ƙasa, shi yasa kake jin kamar katanga ce take tahowa. Kuma waƙa ɗaya sai ta canza rif uku huɗu ta canza gudu a tsakiya, wannan tsarin ne duk wanda yazo baya ya ɗauka. Masu jan kiɗa a hankali kamar jana'iza da ake ce wa doom daga irin su Electric Funeral suka fito, masu gudu kuma ka saurari yadda yake dannan tsirkiya da gefen tafin hannu a waƙar Paranoid jug-jug-jug, ka ƙara masa wuta ka samu Metallica.

Wanda ba a yi wa adalci shi ne Bill Ward. Mutumin nan jaz ya taso yana ji, gangarsa tana da rangaji, bata tafiya a miƙe kamar inji irin na 'yan metal ɗin yanzu, yana ɗan jan baya yana cike gurabe, saurari Fairies Wear Boots ko War Pigs ka bar jitar ka bi ganga kawai. Rat Salad kam ni tsallake ta nake, kowa a zamanin sai ya saka waƙar da mai ganga zai nuna kansa don Zeppelin sunyi, ba wani abu a ciki.

Don haka ni hukuncina, ba shi ne na farko ba, ba shi ne ya fi nauyi ba, ba shi ne ya fi gwaninta ba, amma waƙa takwas minti arba'in da 'yan kai kuma uku a ciki duk yaron da ya ɗauki jita a duniya sai ya koye su a watansa na farko don suna da sauƙin kaɗawa da wuyar mantawa. Ni kaina Iron Man na fara koya a jitar aro mai tsirkiya biyar. Maganar na ɗaya a jerin mujalla kuwa bana ɗaukarta da zafi, su da suka zage su a 1970 su ne suka naɗa su a 2017.

Af, tunda an yi maganar bahago, mu ma nan Nijar muna da namu, Mdou Moctar, shima da hagu yake kaɗawa kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Kiɗansa na Abzinawa ne ba metal ba amma in ka ji yadda yake sakin amfilifaya zaka gane dangin nesa ne.

Ummu_Hanan:

Ni dai tambaya ta uku nake jira a amsa naga duk kun zagaye ta. Kawu da girmanka ka wanke su tas kamar wasu masu wa'azi. Yayan Sadik bai yi ƙarya gaba ɗaya ba ai, mutanen da suka zaɓi wannan sunan da kansu, albam na farko an buga gicciye a kife a cikin bangon, War Pigs ɗin ma ai da farko Walpurgis sunanta, daren matsafa, sai daga baya aka canza baitocin. Sannan suna waƙar gargaɗi kan ƙwaya a Hand of Doom amma shekara biyu bayan nan su da kansu hodar iblis ta kusa cinye su har waƙa suka yi mata, shi Ozzy ai shaye-shaye ne yasa suka kore shi a 1979, balle azo maganar jemagen da ya gatsa a kan dandamali a 1982. Wannan duk ba sharri bane.

Amma zan faɗi gaskiya ɗaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na yi shekaru a ɓangaren masu taɓin hankali, da naga zaren nan naje na karanta baitocin ita Paranoid ɗin don in samu abin kafa hujja, sai jikina yayi sanyi. Mutum ne yake cewa kullum tunani, ba abin da yake gamsar dashi, ana dariya shi kuka yake ji, yana neman wanda zai taimake shi da ƙwaƙwalwarsa, kalmar paranoid ɗin ma bata fito a ciki ko sau ɗaya ba. Ciwon damuwa ne tsantsa, irin maganar da samari suke min a asibiti bayan an gama kaisu wajen masu ruƙiyya an gaji. Ace a 1970 saurayi ɗan unguwar leburori ya rubuta wannan, a lokacin da namiji baya faɗin haka, to na basu wannan.

Sauran kuma Sadik, hukuncin jin kiɗa kansa ba a zauren nan zaka samo shi ba, ka san inda malamai suke.

Kawu_Brum:

Hajiya Ummu Hanan ban wanke su ba wlh, duk abin da kika lissafa haka yake, shaye-shayen nan ya ci su ya ci lafiyarsu da kuɗinsu da zumuncinsu. Abin da zan ƙara kawai, gicciyen da aka kife kamfanin faifai ne ya saka don talla ba su ba. Geezer gidan Katolika 'yan asalin Ayalan ya fito masu riƙo sosai, ya ɗan yi karance-karancen tsafi yana saurayi ya tsorata ya watsar, shi yasa in kin duba shaiɗan a waƙoƙinsu kullum abin gudu ne, mai waƙar yana ihu yana neman Allah ya cece shi. A Master of Reality ma akwai After Forever wadda wa'azin kiristanci ce ƙarara. Manyan gicciyen da suke ratayawa a wuya baban Ozzy ne ya fara ƙera musu, a miƙe ba a kife ba, don kariya a nasu ganin, saboda matsafan gaske sun dame su da gayyata suna ƙi. Amma fa sun ci kuɗin tsoron da sunan ya jawo, basu taɓa mayar da ko sisi ba, kuma waɗanda suka biyo bayansu musamman wasu 'yan Norway a farkon shekarun 1990 sun ɗauki abin da gaske har da ƙona coci-coci. To in Yaya Nura waɗancan yake nufi yana da hujja, in wannan albam ɗin ne ya karanta baitocin tukuna.

MaiJita na karɓi gyaran tsirkiya, ni direba ne ba makaɗi ba. Amma Blackmore ya fi Iommi? Zo Birmingham ka faɗi haka a kan gadar Broad Street inda aka kafa benci da hotunan su huɗun, in ka koma Damagaram da haƙoranka ka gode Allah. Garin da a da yake jin kunyarsu yanzu har bijimin ƙarfen da ke tashar jirgin New Street sunansa Ozzy, har 'yan rawar bale na garin sun yi wasa da kiɗansu a 2023, na rantse da naga tallan a jikin bas sai da nayi dariya ni kaɗai.

Bash_Kwanar4:

Ni duk wannan dogon turancin bai dame ni ba, mawaƙin Amurka T-Pain na fara ji ya rera War Pigs a 2023 na zata tashi ce har gardama nayi da wani akai naci kunya. Sadik kaji tashi sigar, Ozzy ɗin da kansa ya yaba mata. Kuma Villa ba zata ci kofi ba ko Black Sabbath ɗin sun dawo.

Sadik_Gwale:

Kai jama'a na gode wlh, Kawu Allah ya saka da alheri ya dawo da kai gida lafiya, MaiJita da Anti Ummu Hanan godiya nake. Bash kai kuma zamu haɗu.

Jiya da daddare bayan an ɗauke wuta na kwanta a tsakar gida na saka shi daga farko har ƙarshe. Wajen shirun nan na War Pigs da Kawu ya faɗa na maimaita shi yafi sau biyar, da can ashe wucewa kawai nake ina jiran a fara ihu. Na gwada bin ganga kaɗai kamar yadda MaiJita yace amma kunnena bai kai nan ba tukuna, jitar take janye ni. Rat Salad nima na tsallake.

Wadda ba wanda ya ambata a cikinku kuma ita tafi kama ni ita ce ta uku, Planet Caravan, mai sanyin nan da ɗan kiɗan hannu a hankali da murya kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Yau da safe na saka ta a sifikar shago da gangan, Yaya Nura yana shan kunu yace wannan kuma su waye, kiɗan yayi daɗi. Nace matsafan jiya ne. Yace ƙarya nake, sai da na nuna masa hoton mai takobin nan a waya, ya kalla ya kalla yace to wannan ɗayar dai banda sauran.

MaiJita Master of Reality ɗin naka sai na sayi datar dare, saura MB 40 gareni.